Zaɓen irin hatsi: me zangarniya ke gadar wa ƴaƴanta?

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gonar hatsi kuwa, wannan magana tana da iyaka. Zangarniyar da ta ƙasaita a gindin gawo ko a makwancin shanu, albarkar taki ce ta ci. In aka shuka ƙwayarta a jigawa, girman nan ba zai biyo ta ba.

Masanan noma sun raba bambancin da ke tsakanin tsirrai gida biyu: na gado, da wanda ƙasa da ruwa suka kawo. Na gadon kaɗai ke wucewa ga ƴaƴa. A misali, in iyayen da aka zaɓa sun riga sauran gona nuna da kwana 10, kuma rabin bambancin na gado ne, ƴaƴansu za su rage kwana 5 kurum. Saurin nuna da tsawon kara suna da gado mai ƙarfi. Yawan amfani kuwa gadonsa rarrauna ne, saboda damana da taki ke juya shi.

Wannan ne ya sa aikin gajarta kwanakin hatsi ya yi saurin cin nasara. Bayan farin 1973, gwamnati ta kafa cibiyar binciken noma ta INRAN a 1975, aka kuma yaɗa iri masu saurin nuna kamar HKP, da CIVT na Tarna, kusa da Maraɗi. Manoma su ma sun yi nasu zaɓen. Wani bincike da aka buga a 2011 ya gwada hatsin da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da na 2003, ya tarar na bayan ya fi saurin fidda kai, zangarniyarsa kuma ta gajarta.

Saboda haka wajibi ne malaman gona su faɗakar da manoma cewa a gona ake zaɓen iri, tun kafin girbi, ba a bakin rumbu ba. A ɗebi zangarku masu yawa daga tsakiyar gona, inda ƙasa take bai ɗaya. Tunda kuma iska na gauraya hatsi da na maƙwabta, ya kamata a riƙa sabunta ingantaccen iri bayan kamar shekara 3. Manomin da ya ɗauki kyautar gawo a zaman gado, rumbunsa ne zai biya kuskuren baɗi.