Juji Ba Bola Ba Ne

Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa kula da filayen birni ga gwamna, na karkara kuwa ga ƙaramar hukuma, wadda ke ba da fili domin noma, ko kiwo, ko gida. Amma ba ta ambaci juji ba, inda kara da ganye da kashin dabbobi ke ruɓewa su zama taki. Abin da doka ba ta san sunansa ba kuwa, da sauƙi a kira shi bola, a yanka shi fuloti. Alhali gonakin Bakolori, masu aiki rani da damina, ba sa ƙoshi da takin zamani kaɗai. Lalle ya kamata ƙaramar hukumar Maradun ta lasafta juji cikin filayen noma, ta keɓe masa wuri nesa da rijiyoyi.