Raɗaɗin cutar daji: darasin Uganda kan horar da ma'aikatan jinya

A shekarar 2021 Nijar ta buɗe sashen gashi na farko a cibiyar yaƙi da cutar daji da ke Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ci gaba ne babba. Sai dai a Nijar da maƙwabtanta kamar Najeriya da Chadi, yawancin masu cutar ba sa isa asibiti sai ciwo ya ci jiki. A wannan mataki, abin da majinyaci ya fi buƙata shi ne a rage masa azaba ya samu barci, kuma mai jinyar da ke kwana kusa da gadonsa shi ya fi kowa sanin halin da yake ciki.

Hanyar rage raɗaɗin an daɗe da saninta. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: a fara da magani irin farasitamol, idan bai isa ba a ƙara da kodin ko makamancinsa, idan zafin ya tsananta a ba da mofin. Mofin na sha ba shi da tsada. Amma wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya gano a 2017 cewa cikin tan kusan 298 na irin wannan magani da ake rabawa a duniya kowace shekara, abin da ke isa ƙasashe matalauta bai wuce kilo 100 ba.

Babban abin da ke jawo haka shi ne doka da ƙarancin horo. A ƙasashe da dama likita kaɗai ke da ikon rubuta mofin, alhali asibitocin karkara da yawa ma'aikatan jinya ne ke riƙe da su. Su ma a makaranta an fi jan kunnensu kan haɗarin maganin fiye da koya musu amfani da shi.

Uganda ta bi wata hanya. A 1993 likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala, inda ake haɗa garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, a sa masa launi don a bambanta mai ƙarfi da mara ƙarfi. A 2004 gwamnati ta gyara doka, Uganda ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta bai wa ma'aikatan jinya masu horo na musamman ikon rubuta mofin da kansu. A lokacin, horon na watanni tara ne, kuma majinyaci ba ya biyan ko sisi kan maganin.

Abin da ake koyarwa a fili yake. Mai jinya ya tambayi majinyaci ya auna zafinsa daga sifili zuwa goma, ya kuma yarda da amsarsa. Ya riƙa ba da maganin kan lokaci, duk bayan awa huɗu, ba sai mutum ya fara kuka ba. Ya haɗa da maganin sassauta ciki, domin mofin na ɗaure ciki. Ya rubuta kowane ɗigo a littafi. Sannan ya zauna da iyali ya fahimtar da su cewa ba da mofin ba yanke ƙauna ba ne. Wannan na da muhimmanci a ƙasar Hausa, inda ake yabon dauriya, har majinyaci kan ce "da sauƙi" alhali bai runtsa ba.

Akwai fargabar da ba za a raina ba. Yankin Sahel na fama da shan tiramadol tsakanin matasa, kuma a 2018 Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin saboda yawan shaye-shaye. Hukumomi na ganin sassauta doka kan mofin kamar buɗe wata ƙofa ce. Amma tiramadol ɗin da ke yawo a tasha da kasuwa ta hanyar fasa-ƙwauri yake shigowa. Tsaurara wa asibiti bai taɓa ɗan sumoga ba, majinyaci ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Mai jinya da aka horar, wanda ke da makulli da littafin lissafi, shi ne kariya mafi inganci daga karkatar da magani.

A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ya buƙaci ƙasashe su sa kula da raɗaɗi cikin ayyukan lafiya na yau da kullum. Ga ƙasashen yankin, cika wannan alkawari na nufin abu uku: sa darasin a manhajar makarantun jinya, tabbatar da mofin na sha a asibitocin jihohi, da gyara doka ta yadda wanda aka horar zai iya rubuta shi. Injin gashi a babban birni yake, amma mai jinya yana nan a Diffa da Tawa da Damaturu.