KALANDAR HOTUNA: KYAUTA KO ZUBAR DA MUTUNCI?

A 'yan shekarun nan da wuya a watse daga wajen biki ba a raba kalanda mai hoton ango da amarya ba. Hotunan na cikin waya, mai kwamfuta ya tsara, a buga a wuni guda.

Babu shakka kyauta ce mai ma'ana idan ta je inda ya dace. Tsohuwar da ɗanta ke Legas ko Kumasi, in aka kawo mata kalanda mai shafi 12, kowane wata da fuskar jikanta, ai an sada zumunci na shekara cur.

Amma abin takaici, sai a buga ɗaruruwa a raba wa kowa da kowa. Shekara na ƙarewa, sai a tarar da hoton matar mutum a hannun mai ƙosai ana naɗe wa yara, ko yana yawo a kwata. Mafi muni ma, wasu har ayoyin Alƙur'ani suke sawa a samansa.

Saboda haka mai son yin wannan kyauta ya buga kaɗan, daidai gidajen da za su adana. Ya bar ayoyi a cikin Mus'hafi. Ya kuma sa kwanakin Hijira kusa da na Miladiyya, domin shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza waccan da kusan kwana 11. Da haka tsohuwa za ta ga jikanta, ta kuma san Ramadan ya gabato.

Allah Ya sa a gane.