Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gyaran Mutum-Mutumin Kaburburan Masar

'Yan'uwana abokan sana'a, kun fi mu kayan aiki, kun kuma fi mu iya daidaita zafi da danshin ɗakin ajiya. Wannan kam ba gardama, Allah Ya ƙara basira.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne gogar da kuke wa shabti, wato ƙaramin mutum-mutumin kabari, har sai ya yi fari fat. Kwanan baya, a wani gidan tarihi, na tsaya gaban wani da aka sassaƙa da dutsen farar ƙasa, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, hannuwa a harɗe bisa ƙirji, ga fartanya, ga kwando a baya. An bi shi da jiƙaƙƙiyar auduga. Jan layin da ke raba rubutun ya dushe, baƙin gashin kansa ya koma ruwan toka. Wa ya ce muku datti ne? Launi ne da mai zane ya shafa da hannunsa shekara sama da 3,000. Ku je ku dubi na iyalin Sennedjem, waɗanda aka fitar daga kabarinsa a Deir el-Medina a 1886, ku ga abin da fenti ke yi wa dutse.

Dutsen nan shan ruwa gare shi. Ruwa ya narkar da gishirin da ke cikinsa, idan ya bushe gishirin ya taru a ƙarƙashin fentin ya ɓanɓare shi. Kuma tare da fentin sunan mamacin yake tafiya, alhali don sunan aka yi abin: mutanen Masar na dā sun yi imani shabtin ne zai amsa kira a madadin maigidansa idan aka nemi noma, ban ruwa ko jidar yashi a lahira.

Howard Carter da Alfred Lucas sun kwashe kusan shekara goma, daga 1922, suna fitar da kayan kabarin Tutankhamun, cikinsu har da shabti 413. Ba su yi gaggawa ba. A wurin magabata muka koyi zama da gilashin ƙara girma tun safe har azahar ba mu taɓa komai ba. Yau kuwa ranar buɗe baje koli ce ke yi muku umarni. Haba!

Ku gafarce ni idan na yi zafi. Roƙona dai: ku ɗauki hoto, ku kwafi rubutun, ku kaɗe ƙura da busasshen burushi mai laushi, sannan ku ɗauke hannu. A katin bayani kuma, don Allah ku rubuta sunan mai shi.