Air Jordan 1: wanka kam akwai, amma ƙafa fa?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu nan Kudu, na ga kambas ɗin nan Air Jordan 1 ya zama yayi, har wasunmu na taɓa kuɗin abinci don su mallake shi. Na yi wata huɗu ina sa nawa, bari in faɗi abin da na gani.

A kyau dai babu magana. Peter Moore ne ya zana wa Nike shi, ya fito a 1985 lokacin Michael Jordan na sabon shiga Chicago Bulls, shi ya sa mai ja da fari da baƙi ya fi suna. Ka ɗora shi kan jins da farar riga, wallahi ka gama. Da kaftani kuwa, don Allah ku daina.

Sai dai ku tuna an yi shi ne don filin ƙwallon kwando na shekara 40 da suka wuce. Ƙasansa a shafe yake, ga tauri, 'yar iskar da ke ciki ta dunduniya ce kawai. Daga hostel zuwa lakca ba laifi, amma ranar rajista da za ka wuni a tsaye kan layi, tafin ƙafarka zai ba ka labari. Fata ce kuma, ga zafin Legas ko Fatakwal mai gumi. In ba ka canza safa kullum, abokan ɗakinka ne za su sha.

Abin da masu tallarsa ba sa lissafawa shi ne salla. Mai dogon wuyan nan, sai ka kwance igiya kafin alwala, ka ɗaure, ka sake kwancewa a ƙofar masallaci. Azahar da La'asar duk a tsakanin lakcoci suke. Sannan ka tayar da kabbara zuciyarka na wajen takalmi.

A 2024, sabo na asali kusan dala 180 ne a Amurka, ku buga da canjin yau. Wanda za a ce maka “orijinal ne” a farashin buhun garin kwaki, kai ma ka san amsa. Gwanjo mai kyau a Yaba ko Katangowa ya fi jabu sabo.

Ni dai shawarata, in dole sai ka saya, ɗauki mai gajeren wuya, ka bar shi na fita ranar Asabar. Ranakun lakca, musamman da damina, silifas ɗinka na roba ya ishe ka.