Ƙwaƙwalwa ta tsaya, agogo bai tsaya ba

'Yan furojet, musamman masu haɗa na'ura, ku zo ku ji yadda na dafa ƙwai 30 da hannuna a tsakiyar sanyin Jos.

Injin ƙyanƙyasa nake haɗawa da STM32F103, ɗan shuɗin allon nan. Ƙwan kaza na son zafi wajen digiri 37.5 har kwana 21. Taima ce ke kunna hita tana kashewa, kod ɗina kuma yana duba zafi yana rage mata ƙarfi. Ranar kwana na tara, da asuba sanyi ya sa hita tana kan ƙarfinta, sai na tsayar da kod a tsakiyar layi don in duba wani kuskure. Aka kira salla, na fita, na biya wajen mai shayi. A tunanina komai ya tsaya.

Ashe ƙwaƙwalwar kaɗai ta tsaya. Taima wani ɓangare ne mai zaman kansa, da rajistocinsa. PSC tana raba gudun agogo, CNT tana ƙirga, ARR tana faɗin inda za a koma sifili. A megahaz 72, ka sa 7199 a PSC da 9999 a ARR, daƙiƙa ɗaya kenan cif, kuma ba ta neman izinin kowa. Hita ta ci gaba da aiki, mai rage mata ƙarfi kuwa ni na ɗaure shi da kaina.

Abin haushin, maganin na nan a littafin kamfanin, RM0008. Akwai rajista DBGMCU_CR, kana kunna DBG_TIM2_STOP taima ta biyu za ta tsaya tare da ƙwaƙwalwa. Ko a nan ma a kula, ƙafar da ke ba hita umarni tana daskarewa ne a inda aka same ta, in a kunne take a kunne za ta zauna. Cire wayar hita kawai kafin ka tsayar.

Gaskiya mu rage kwafar kod daga YouTube. Littafin ya haura shafi 1000, na sani, amma babin taima kaɗai za ka karanta, wallahi bai kai hirar bakin hostel tsawo ba. Mai bidiyo fitila yake kunnawa, ba abin da zai ƙone masa.

Wanda ya san mai ƙwan zakara da araha wajen Farin Gada ya taɓa ni don Allah, difens saura wata ɗaya.