Kafin mu ɗauki hoto a kangon Kartaj

Kwanan nan hirar yawon buɗe ido ta yi yawa a zumuntarmu, kuma sunan Tunisiya yana yawan fitowa. Ba laifi ba ne. Daga birnin Tunis ƙaramin jirgin ƙasa zai kai mutum Kartaj a bakin Bahar Rum. Zai ga ragowar gidajen wanka na Romawa, ya hau tudun Birsa inda Faransawa suka gina babbar majami'a wadda yanzu ba a sujada a cikinta, ya sauka filin wasan da aka kashe Farfetuwa da Felisita a shekarar 203 saboda sunan Yesu. Wanda Ubangiji ya buɗa wa hanya, ya je. Amma mu da muka fito daga ƙasar Gobir bai kamata mu tsaya a kango kamar sauran baƙi ba, domin mun san yadda gari yake zama kufai.

Alƙalawa tana nan kusa da Sabon Birni, a bakin gulbin Rima. Daga nan Bawa Jangwarzo ya yi mulkin Gobir. A 1808 birnin ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi, aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawa suka watse, daga baya suka sake kafa sarauta a Tsibiri kusa da Maraɗi. (Gobirawa ma suna da labarin cewa asalinsu Kibɗawan Masar ne, don haka arewacin Afirka ba baƙon wuri ba ne a bakin kakanni.) Wannan tsohon labari ne. Sabon kuwa muna cikinsa: ƙauyukan Sabon Birni da Isa da suka zama fayau, iyalai da suka tsallaka Nijar ko suka nufi Sakkwato, gonaki da ba a nomawa sai an biya 'yan bindiga haraji. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Yawancin waɗanda ake binnewa maƙwabtanmu Musulmi ne, mu kuma 'yan tsirarun masu bi muna shan namu rabon.

Abin da ya sa muka kawo Kartaj shi ne wata magana da ta fara yawo a tsakaninmu, a hankali, bayan an tashi daga sujada. Wane ya gudu ya bar ikkilisiya. Su wane sun sa hannu a kuɗin da ƙauye ya tara wa 'yan bindiga. Wance ta sayar da komai ta fanshi mijinta maimakon ta dogara ga addu'a. Ikkilisiyar Kartaj ta yi irin wannan hirar, kuma ta yi ta fiye da shekara ɗari.

A shekarar 250 Kaisar Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga allolin Roma ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa suka miƙa, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Bishop na Kartaj, Sifiriyan, ya ɓuya, yana kiwon garkensa ta wasiƙu, kuma ya sha zargi a kan haka. Da tsananin ya lafa sai tambaya ta taso: a karɓi waɗanda suka faɗi ko a rufe musu ƙofa? Majalisar da ya jagoranta a 251 ta bar ƙofar tuba a buɗe. Shi kuma mutumin da aka kira matsoraci, a 258 ya miƙa wuyansa aka fille masa kai. Da an yanke masa hukunci a shekarar da ya ɓuya, da an yi kuskure babba.

Karo na biyu abin bai ƙare haka ba. A tsananin da ya fara a 303 an tilasta wa shugabanni su miƙa Littattafai Masu Tsarki a ƙone, wasu kuwa suka miƙa. Bayan an sami salama, wani ɓangare, wanda daga baya aka san shi da sunan Donatus, ya ce duk wanda irin waɗannan shugabanni suka naɗa ko suka yi wa baftisma, aikin banza ne. Gari ɗaya ya koma da bishop biyu, majami'a biyu, teburin jibin Ubangiji biyu. A taron sulhu na Kartaj a 411 bishop sama da 500 ne suka hallara, kusan rabi da rabi, ba su kuma rabu da zuciya ɗaya ba. Bandalawa suka ci birnin a 439, Larabawa a 698. A 1076 Fafaroma Giregori na bakwai ya iske babu bishop uku a yankin da za su naɗa sabo. Masana suna kawo dalilai da dama, har da rashin Littafi Mai Tsarki a harshen Barbar, mutanen karkara. Amma a ganinmu ikkilisiyar da ta saba auna wanda ya fi wani tsarki ta riga ta raunana kanta kafin baƙin mayaƙa su iso.

Kada mu yi wa mutanen Donatus rashin adalci. Da yawansu 'ya'yan waɗanda suka sha kurkuku ne, suna da tabo a jiki. Haka nan ɗan'uwan da ya zauna a Isa lokacin da kowa yake ɗaure kaya yana da dalilin jin zafi, kuma gaskiya ne kuɗin haraji harsashi yake saya. Sai dai mu lura da bambanci. A Kartaj maganar musun Ubangiji ce. A wurinmu 'yan bindiga kuɗi da shanu da hatsi suke nema. Uwar da ta kwashi 'ya'yanta da dare ba ta yi musun kowa ba. In har Sifiriyan ya sami hanyar karɓar wanda ya ƙona turare ga gunki, da wane baki za mu juya wa wadda ba ta yi zunubi ba baya?

Agustin, bishop na Hifo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya fuskanci tambayar gudu kai tsaye lokacin da Bandalawa suke tahowa. Wani bishop mai suna Honoratus ya tambaye shi ko ya halatta shugabanni su tsere. Ya auna Matiyu 10, inda Ubangiji ya ba da izinin ƙaura daga garin tsanani, da Yohanna 10, inda aka yi maganar makiyayi da ɗan ƙodago. Amsarsa ita ce jama'a suna iya neman mafaka, amma muddin akwai sauran masu bi a gari, kada a bar su ba mai yi musu hidima. Shi kansa ya mutu a 430 birnin yana kewaye da mayaƙa. Nauyin zama ya ɗora shi a wuyan masu hidima irinsa, bai ɗora wa gwauraye da yara ba. Mu kuwa sau da yawa mukan juya abin: mai zama a Sakkwato cikin gida mai katanga shi ne yake auna bangaskiyar wanda ya baro gonarsa a Gatawa.

Don haka a taronmu na gaba muna roƙo a kawo sunayen iyalan da suka baro Sabon Birni da Isa suka sauka a unguwanninmu, mai bi da Musulmi, a raba su tsakaninmu don ziyara, a kuma san ikkilisiyoyin da suka rage ba mai hidima. Masu tara kuɗin tafiya Tunisiya su ware wani abu daga ciki don buhun gero da kuɗin makarantar yaran nan, sauran su ci gaba da tarawa.